Takardar da Na Ɓoye wa Hamma Sa'adu

Da damunar bana aka cika shekara ashirin da tara da fitar da Hamma Sa'adu daga gidanmu na Bako zuwa makwancinsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Mu a Yola ba a kiran babban wa da sunansa gatsau, Hamma ake cewa, ni kuwa har ya bar duniya ban taɓa ɗaga kai na kalli tsakiyar idonsa ba. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa, irin wanda ƙurar asbestos take sa wa mutum a ƙirji. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in dafa abinci in raba, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana dai na ce shirun ya isa haka. Na haura saba'in, kuma akwai abin da nake so mutanen Yola da Jimeta su ji daga bakina: ni Dijatu, ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ni na ɓoye masa takardar asibiti har shekara bakwai, kuma saboda haka ne ranar da ya je neman haƙƙinsa doka ta ce masa ya makara.

Bari in faro daga tushe. Ina 'yar shekara takwas aka karɓi mulkin kai, amma in kun tambaye ni abin da na fi tunawa a shekarar, ba tuta ba ce ba kuma jawabi ba. Abin da na tuna shi ne Hamma ya sami aiki. Mahaifinmu ya so ya zauna ya riƙe gona da 'yan shanun gida, shi kuwa hannunsa na katako ne tun yana ƙarami, har ƙofar ɗakin Innarmu shi ya sassaƙa. Wani kamfanin gine-gine na Turawa, ba zan kama suna ba, ya ɗauke shi kafinta a Jimeta. A wancan zamani kayan gini ta ruwa suke zuwa. In damuna ta yi nisa Binuwai ya cika, sai jirage su iso da siminti da ƙarafa da wani sabon rufi mai ruwan toka, wanda mu a gida muke kira kwanon siminti. Shi ne asbestos ɗin. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin kwano a bazarar Yola ya san dalilin da ya sa mutane suka yi ca a kansa: ba ya ɗaukar zafi, ba ya tsatsa, ruwan sama kuma ba ya kiɗa a kansa ya hana mutum jin maganar na kusa da shi.

Da aka yanka jihohi muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, babban birni can Maiduguri, sai aiki ya ninku. Makarantu ne, ofisoshi ne, gidajen ma'aikata ne, ko'ina ana aza harsashi. Hamma ya zama heluma, yana da mutane a ƙarƙashinsa. A nan ya haɗu da Ba Modu, mutumin Barno, wanda ya biyo malaminsa zuwa Jimeta karatu ya ɓuge da riƙe zarto. Bafillace da Babarbare, kun san wasan da ke tsakani. Kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, kullum suna cikin tsiya, amma shekara goma sha huɗu zarto ɗaya suke ja: wannan ya danne kwanon, wancan ya yanka, ƙura ta tashi ta rufe su su biyun.

Ƙurar nan ina ganinta har yanzu. Da la'asar Hamma zai shigo gida fari fat, gira da gashin baki da cikin kunne, kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Matarsa, Adda Hafsatu, ta karɓi rigar ta kakkaɓe a bayan ɗaki, mu yara muna dariya muna ce masa tsoho. Kamfanin yana ba kowane ma'aikaci gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura daga maƙogwaro. Hamma yakan ce, shi da aka haifa a gindin saniya, shi za a miƙa wa madarar gwangwani a ce masa magani ce? Sai ya sako ta a aljihu ya kawo gida, ni kuma in huda ta da ƙusa in shanye tas. Ko ƙyallen rufe hanci ba a taɓa ba su ba. Ko kamfanin ya san illar abin a lokacin ko bai sani ba, wannan ita ce maganar da ya kamata kotu ta bincika, kuma a kan Hamma ba ta sami dama ba.

Yanzu in na shiga Keke na bi ta gaban tsofaffin makarantun da ya rufa, nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo. Na san shi sarai. Da farko zai tsaya ya ɗaga kai ya duba layin ƙusoshinsa, ya ga har yau ba su karkace ba, ya yi ɗan murmushin nan nasa na jin kai. Sannan idonsa zai kai kan silin ɗin da ya tsage yana reto a saman kan yara, da masu sayen tsofaffin kaya suna farfasa kwanon da guduma babu ko ɗigon ruwa da suka yayyafa, a nan ne ransa zai ɓaci. Lokacin annobar nan da aka tilasta wa kowa sa takunkumi, har a masallaci da kasuwa, na zauna ni kaɗai na yi dariya har da hawaye. Na ce da Hamma yana nan da ya ce, ashe dai ana iya raba wa talaka abin rufe hanci in an ga dama.

Kamfanin ya gama ayyukansa a nan ya kwashe ya koma kudu, Hamma ya buɗe rumfar kafinta tasa a Jimeta, rayuwa ta ci gaba. Ni kuma na yi makarantar jinya na kama aiki a asibiti. Sai bayan shekaru masu yawa, yana dab da hamsin, numfashi ya fara yi masa gardama. Mutumin da yake hawa tsani da kwano a ka, yanzu daga masallaci zuwa gida sai ya tsaya sau biyu, ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Na lallaɓa shi na kai shi asibitinmu aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan, kamar yadda aka saba a lokacin, bai gaya wa mai ciwo komai ba. Ni ya kira gefe. Ya nuna mini tabo-tabo a huhun, ya tambaye ni aikin da yayana ya yi, da na faɗa sai ya gyaɗa kai. Ya ce ƙurar asbestos ce, ba ta warkewa, kuma a sa ido domin wani lokaci tana rikiɗa ta zama abin da ya fi haka. Ya rubuta duk wannan a kati, ya buga hatimi da kwanan wata, ya miƙo mini.

To, a nan nake so matasa su fahimce ni, don na san za su ce wace irin nas ce wannan. A gidajenmu ƙanwa ba ta tarar Hammanta da mugun labari. Ba a yi. Magana mai nauyi wajen babba ake kai ta, shi zai san yadda zai sauke ta, ko ma ya ce kada a sauke. Mahaifinmu ya riga ya rasu, babban gida a lokacin shi ne ƙaninsa, Baffa. Na je na durƙusa na karanta masa katin, na fassara masa da Fulatanci. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Yana da magani?"

Na ce, "Babu, Baffa, sai dai lallaɓawa."

Ya ce, "To me za ki gaya masa? Ki bar bawan Allah ya ci tuwonsa da daɗi. Ce masa sanyi ne."

Ba na ɗora wa Baffa laifi, Allah ya jiƙansa, tausayi ne ya sa shi. In ma gaskiya za a bi, ni daɗi na ji da ya faɗi haka, domin ya sauke mini abin da nake tsoro. Na kai katin ƙasan akwatina na danne shi da zannuwa. Na ce wa Hamma sanyi ne ya kama masa ƙirji, ya rage shiga ruwa. Ya ce, "To, madalla," ya koma rumfarsa.

Shekara bakwai ina kawo masa magungunan buɗe ƙirji, ina sauraren tarinsa ta katanga, ina ce wa kaina ina kula da shi. Na san allura, na san awon jini, na san yadda ake juya mara lafiya a gado. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya taɓa koya mana a makaranta, shi ne ɗan hatimin nan mai kwanan wata ba ado ba ne. Daga ranar da aka buga shi doka ta fara ƙirga wa Hamma kwanaki, katin kuwa yana kwance ƙarƙashin zannuwana.

A shekara ta bakwai abin da likita ya yi gargaɗi a kai ya zo. Ruwa ya taru a ƙirjin, rama ta kama shi, riga ta koma yi masa yawa. Wannan karon wani matashin likita ne, sabon zuwa, bai san al'adarmu ba ko kuma bai damu da ita ba. Ya zaunar da Hamma ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ciwon daji ne a fatar da ta lulluɓe huhu, aikin kwanon nan ne ya jawo shi, kuma ya kamata ya ga lauya domin kamfanin yana nan da ofishinsa a kudu. Wallahi a ranar kamar in shaƙe yaron nan don haushi. Na ce wannan wane irin rashin kunya ne, ka dubi dattijo ka faɗa masa ajalinsa? Hamma kuwa ko gezau. Ya yi masa godiya, ya tambayi inda ake samun lauya. Ba arziki yake nema ba. Yana da ƙananan yara uku da ba su gama makaranta ba, wannan ɗaya. Na biyu, tsegumi ya fara yawo a unguwa, wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa taba yake sha a ɓoye, mutumin da ko goro bai dame shi ba. Yana so a faɗa a gaban jama'a cewa aiki ne ya ci ƙirjinsa.

Ofishin lauyan a saman bene yake a Jimeta. Matakala goma sha wani abu, amma sai da muka huta sau uku. Lauyan mutum ne mai natsuwa, ya saurari labarin daga farko, ya ce a kawo duk wata takarda da ta shafi ciwon. Ni kuma, da wayona, na riga na ciro tsohon katin daga akwati na sako a jaka, ina ganin ai babbar hujja ce na kawo, ga rubutun likita ɓaro-ɓaro cewa ƙurar aiki ce. Na zaro na ajiye a kan tebur ina jin kaina. Ya karanta, ya koma kan hatimin, ya ƙirga da yatsu, sai na ga ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Alhaji, doka tana yanka wa mutum wa'adi na shigar da irin wannan ƙara. Ana fara ƙirge daga lokacin da aka gano ciwon aka kuma san aiki ne ya jawo shi. In aka bi wannan katin, wa'adinka ya wuce."

Hamma ya ce, "Ni ai watan jiya na sani."

Lauyan ya ce za a iya faɗin haka a kotu, amma lauyoyin kamfani za su ɗaga wannan kati, wanda kwafinsa ma yana asibiti, su ce ƙanwarsa nas ce, gida ɗaya suke, wa zai yarda bai sani ba? Ya ce a kan wannan kaɗai sai a shekara biyu ko uku ana ja, kafin a zo kan maganar ciwon, kuma ba zai yaudare shi ya ce za a yi nasara ba. Bai ƙarasa sauran ba, amma duk mun gane: Hamma ba shi da shekara biyu.

Sai Hamma ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Dija, tun yaushe?"

Na ce, "Shekara bakwai, Hamma."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa, ya yi wa lauya sallama.

Daga Jimeta zuwa Yola a tasi bai ce mini uffan ba. Ba a ranar ba, ba washegari ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ya mare ni a tsakar gida, wallahi da ya fi mini sauƙi. Amma Bafillace ne na ainihi, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne abin da ba zai taɓa furtawa ba. Na yi kuka har idanuna suka kumbura. Kwana biyu bayan nan da hantsi ya aiko a kira ni, na zo ina cewa yau za a yi ta. Sai kawai ya ce, "Ɗauko mayafinki, za mu wajen Modu."

Abin da ya sa a gaba ke nan a watannin da suka rage masa. Ya ce tasa ta wuce, amma ba shi kaɗai ya shaƙi ƙurar ba. Muka yi ta yawo a tasi, yau Yolde Pate, gobe Malkohi, jibi wani lungu a Jimeta, muna neman tsofaffin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Da yawa muka tarar sun riga mu gidan gaskiya, in ka tambayi iyali me ya same su sai a ce tari ne. Uku muka samu da rai, ya tasa su gaba har asibiti. Biyu hotonsu ya fita lafiya. Na Ba Modu kuwa ga tabon nan, irin na Hamma sak, ko da yake nasa bai rikiɗa ba. Wannan karon a gaban mai ciwon aka karanta takarda, ni da bakina na fassara masa. Lauyan ya ja mana kunne, ya ce mu sani daga ranar wannan hoto ƙirgen Ba Modu ya fara.

Sai Ba Modu ya ce shi ba zai kai ƙarar kowa ba.

Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina cin abincinsu. Da aikinsu na yi aure, da shi na kafa rumfa. Yau in tashi in kai su gaban alƙali? Ciwo kuma na Allah ne, Sa'adu. Ku Fulani dai ba ku da godiya."

Hamma ya ce, "Kai dai bawa ba ya rabuwa da son ubangida. Abincin da suka ba ka kyauta ne? Ba guminka ba ne?"

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su su biyun, amma Ba Modu bai sauya ba. Hamma ya koma masa ya fi sau biyar, na ƙarshe ma ɗaukarsa aka yi aka sa a mota, suka keɓe su biyu a cikin rumfa ni ina waje. Bai yi nasara ba. Da damuna ta kankama ya kwanta, kuma magana ta ƙarshe da ya yi mini a kan wannan al'amari ita ce, "Modu yana hannunki." Bayan kwana tara ya cika.

A nan zan ɗan dakata in yi magana da mai karatu kai tsaye. Ba zan rubuta adadin shekarun wa'adin ba, domin ni ba lauya ba ce, doka ta sha canzawa tun daga lokacin, kuma an ce mini ya danganta da irin ƙarar da inda za a shigar da ita. Wani wa'adin shekaru ne, wani bai kai haka ba, wani kuma daga ranar rasuwa ake fara ƙirga wa magada. Abin da na sani shi ne wa'adin yana nan har gobe. Mu kuwa mutane ne masu jira: a bari a yi sadakar arba'in, a bari mata su fita takaba, a bari babban wa ya dawo daga tafiya, a bari a raba gado tukuna. Duk abubuwa ne masu kyau, ni ma a cikinsu na tashi. Amma takardar kotu ba ta san takaba ba. In likita ya ce muku ciwon mahaifinku daga wurin aiki ya samo shi, a makon nan ku nemi wanda ya san doka ku tambaya, tambaya ba rashin tawakkali ba ce.

Jikokin Hamma yanzu a waya suke karanta sakamakon asibiti tun kafin likita ya buɗe baki, su zo su tsare uwarsu da tambaya ido cikin ido. Nakan yi musu faɗa in ce ba su da ta ido, kuma da gaske nake, wani lokaci abin nasu yana wuce gona da iri. Amma in na kwanta na yi tunani sai in ga da a zamaninsu Hamma ya yi ciwo, da babu mai iya danne masa kati a ƙarƙashin zannuwa. Ina jin da ya gan su zai ɗaure fuska don kada su raina shi, a ransa kuwa yana jin daɗi.

Mu koma kan Ba Modu. Bayan rasuwar na mayar da rumfarsa wurin zuwana. Duk ranar da ba ni da aiki sai in biya, in kai masa maganin ƙirji, in kawo maganar. Ya ce sai bayan azumi. Bayan azumi ya ce sai an yi girbi. Na bi ta wajen matarsa, na bi ta wajen limaminsu, wanda ya gaya masa a gabana cewa neman haƙƙi ba jayayya da ƙaddara ba ce. Ba Modu ya ce ya ji, ya kuma yi kunnen uwar shegu da mu. Haka shekaru suka yi ta tafiya, numfashinsa yana raguwa, ni kuma duk wata in na ga sabon wata sai in ƙirga abin da ya rage. Ina ganin in wa'adin nan ya wuce, mutum biyu ke nan suka makara a hannuna.

Ranar da lauya ya aiko mini cewa saura mako biyu, daga asibiti ko farar rigar aiki ban cire ba na wuce rumfar. Akwai masu sayen kujeru a tsaye, ban ko dube su ba. Na ce masa taurin kai ne ba tawakkali ba. Na ce abokinsa ya ƙare sauran numfashinsa a kan hanyar rumfar nan, shi kuwa ya fi jin kunyar Turawan da ba su ma san sunansa ba. Na ce in ya mutu ya bar 'ya'yansa hannu wofi, kada wanda ya ce Allah ne, shi ne. Kai, na faɗi maganganu, har da waɗanda ba zan iya maimaitawa a jarida ba. Mace, ƙanwar abokinsa, tana ɗaga wa dattijo murya a tsakiyar kasuwa! Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Shi dai yana zaune da guduma a hannu. Na koma gida na tabbata na ɓata komai, don Babarbare in ka ci masa fuska a gaban mutane, to kun rabu ke nan.

Kwana goma babu labari. Ana saura kwana huɗu, da safe ina shara, aka ce ana sallama. Na leƙa zaure sai ga Ba Modu cikin babbar riga da hula zanna, ya naɗe takardunsa a leda ya rungume.

Ya ce, "Ke 'yar Fillo mai baki, sa takalminki. Ina ne benen?"

Shi ma sau uku ya huta a matakalar. Lauya ya karanta masa komai, Ba Modu ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, yana cije leɓe. Washegari aka shigar da ƙarar, aka buga mata hatimi a cikin wa'adi.

Shari'ar ta ja, kamar yadda shari'a take ja. Lauyoyin kamfani sun nemi ƙofar da za su ce an makara, ba su samu ba. A ƙarshe suka nemi sulhu. Ba zan faɗi abin da aka ba shi ba, ba nawa ba ne, amma ya isa aka kula da shi a asibiti yadda ya kamata har ƙarshen rayuwarsa, 'ya'yansa kuma ba su bar makaranta ba. Abin da ya fi mini komai shi ne a cikin takardun an rubuta sunan ƙurar, an rubuta aikin, an kuma rubuta sunan heluman da suka yi aikin tare. Tsegumin sammu da taba daga nan ya mutu a unguwarmu.

In na auna abin da ya saura na Hamma bayan shekara ashirin da tara, rufin da ya yi ana ta cire su ɗaya bayan ɗaya, kuma gara a cire, in dai za a yi a hankali. Rumfarsa ta zama shagon sayar da waya. Abin da ya saura shi ne a danginmu an daina ɓoye wa mara lafiya takardarsa. Ko ni aka kawo wa, a matsayina na babbar gida yanzu, cewa nake a kira mai ita a karanta a gabansa. Hamma mutum ne da aka gaya masa ya makara, maimakon ya koma ɗaki ya ja bargo, sai ya tashi da rabin numfashi yana bin gidajen mutane don kada su ma a gaya musu haka.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ranar da Ba Modu ya sa hannu, da muka sauko daga benen ya zauna a matakalar ƙarshe yana mayar da numfashi. Na ba shi haƙuri a kan abin da na yi masa a kasuwa, na ce na san zagina ne ya kawo shi. Ya harare ni.

Ya ce, "Zaginki? Ni Bafillata za ta zaga in ji? Ba shi ba ne. Ranar da aka kawo Sa'adu rumfata a mota, ya ce mini, 'Modu, yarinyar nan tana ɗauke da kayana a ka. Ni na yafe mata tun a cikin tasi, amma bakina ba zai iya faɗa ba, in ma na faɗa ba za ta yarda ba. In ka makara, kaya biyu za ta ɗauka har kabarinta. Ka je ka sa hannu, in ka sa sai ka gaya mata.' Na ɗauka surutun mai ciwo ne. Sai da na ga kina kuka a gaban mutane na gane gaskiya ya faɗa. To, na sa hannu, na kuma gaya miki."

A kan matakalar nan na zauna kusa da shi, mutane suna ratsa mu suna wucewa, na rufe fuskata da mayafi. Allah ya jiƙan Hamma Sa'adu, ya jiƙan Ba Modu, ya ba su iska mai daɗi a inda suke. Saƙon ya iso, Hamma, kuma na yarda.